Farfesa Sha-Biyu da Iskar Fanka

Garinmu bai haifi masanin lantarki kamar Svetozar Bajić ba. Da bakinsa ya faɗa, mu kuma muka buga a jaridarmu har sau biyu. Shekara talatin ya yi yana karanta mita gida-gida, ya yi ritaya da laƙabin Farfesa Sha-Biyu, saboda a ganinsa duk abin da ke da lafiya a duniya volt goma sha biyu yake bayarwa.

Ranar Laraba kwamfutar da muke shirya shafuka da ita ta mutu sau uku kafin azahar. Ƙarfe huɗu ake kai jarida maɗaba'a. A bakin ƙofa ga Desanka, matar mai gidan burodi, riƙe da hoton marigayi mijinta, tana jiran a buga sanarwa. Jumma'a za a binne shi, kuma a nan duk wanda sanarwar rasuwarsa ba ta fito a jarida ba, dangi kaɗai ke raka shi.

Farfesa ya iso da mitarsa ta gwajin wuta cikin akwati mai shimfiɗar karan-miski. Ya ɗora kwamfutar kan tebur, ya buɗe cikinta, ya soka tsinken mita ɗaya a wayar rawaya, ɗaya a baƙa, daga akwatin da ke raba mata wuta. Mita ta nuna sha biyu cif.

"'Yan jarida, ku rubuta," in ji shi. "Muddin ba ta sauka ƙasa da sha ɗaya da ɗigo huɗu ba, lafiyarta lau. Ciwon yana hannun masu taɓa ta."

Muka rubuta. Zorka mai shirya shafuka ta koma aiki, shi kuma ya ja kujera ya zauna bayan kwamfutar don sa ido. Nan fankar akwatin wutar ta soma hura masa iska a kwiɓi. Ya zabura.

"Kashe ni za ku yi? Iska a kan ƙoda!"

Ya tuɓe kwat ɗinsa ya lulluɓe bayan na'urar. Duk muka gyaɗa kai, don babu wanda bai rasa wani kawu ta dalilin iska mai ratsa ɗaki ba. Zorka ta ce ai ita ma tun da aka matsar da teburinta ranar Litinin take rufe wurin da mayafi, zuwansa ne ya sa ta cire.

Tsinkayen na nan a soke. Na duba agogo: bayan minti goma sha takwas mita ta ce sha ɗaya da ɗigo bakwai, can ta ce sha ɗaya da ɗigo biyu. Allo ya fara ƙifce-ƙifce.

"Wannan daga sama ne," in ji Farfesa. "Rana na aman wuta a bana. Ga kuma wutarmu mai kyau da ake sayar wa ƙasashen waje, a bar mana tsaki."

Wannan ma muka rubuta.

Desanka ta ajiye hoton, ta ɗora tafin hannu kan kwat ɗin.

"Maƙwabci, shekara arba'in ina gaban tanda. Abin nan gasuwa yake."

"Baiwar Allah, lantarki ba ƙullu ba ne."

"Kai ma ba Farfesa ba ne, amma ga shi muna haƙuri."

Ta yaye kwat ɗin ta miƙa masa, sannan ta buɗe taga. Mu shida muka ruga muka manne da bango. Mita ta hau a hankali har sha biyu, ta tsaya. Ƙarfe huɗu saura kwata shafin ya tafi.

Ranar Jumma'a maƙabarta ta cika har bakin titi. Farfesa bai zo ba. Ya aiko cewa wuyansa ya sage, kuma ya san wadda ta jawo. A ofis muka zauna muka auna hujjojin da muka gani da idonmu, muka amince Desanka ce da gaskiya. Sannan muka rufe tagar, Zorka ta mayar da mayafinta. Kwamfuta ana iya sayo wata. Ƙoda kuwa biyu ce kacal.