Yabon da Na Yi wa Daraktarmu

Ba zan taɓa mantawa da walimar ritayar daraktarmu ba, ko da na so, don abokan aikina ba za su bari ba.

Lokacin ban daɗe da fara aiki a wata ma'aikatar tarayya a Abuja ba. Turancina kashi biyu ne: na jami'a, da na gidan kallon ƙwallo da ke bayan tashar Utako (gaskiya na fi halartar aji na biyun). A bakin masu sharhi na koyi cewa ƙungiyar da ake kira offensive ita ce mai kai hari, mai zuciya, wadda ba ta jiran a zo mata. Defensive kuwa mai noƙewa ce ta tare gida. A wurina magana ta ƙare: na farko yabo, na biyu gori.

Hajiya Rabi, daraktar tamu, ba ta san jira ba. In fayil ɗinmu ya maƙale a sama, da kanta take hawa bene ta ƙwato shi. Amma in ka makara, za ta wanke ka tas a gaban kowa. Ni dai muna shiri, har ta sa sunana cikin waɗanda za a tura kwas, saura ta sa hannu kafin ta miƙa ofis.

Da aka nemi wanda zai yi magana a madadin ƙananan ma'aikata, ni na ɗaga hannu. Bilkisu, wadda muke ofis ɗaya, ta ce in kawo jawabin ta duba min. Na ce mata ni ba ɗan firamare ba ne.

An yi taron a wani zaure a Gwarinpa. Manya sun cika gaba, ga Hajiya, ga maigidanta, wani Kanar mai ritaya. Na gyara hula, na karɓi makirufo, na dube ta cikin ƙauna na ce: "Hajiya is the most offensive woman I have ever met."

Zauren ya yi tsit. Na ɗauka maganar ce ta ratsa su, sai na ƙara wuta. Na ce ita offensive ce tun safe har a tashi, ba ta ware babba ba ta ware yaro, babban sakatare ma bai tsira ba. Daga can baya wani ya fara tafi. Mista Okon ne, wanda Hajiya ta sha yi wa wankin babban bargo kan makara. Wasu suka taya shi. Ni kuwa har da ɗan rusunawa.

Ina zama Bilkisu ta turo min wayarta ba tare da ta kalle ni ba. Ƙamus ta buɗe. In aka faɗi kalmar a kan mutum, ashe mai cin mutunci ake nufi, mai ɓata wa jama'a rai. Misalin da suka bayar a ƙasa ma na wari ne. Shinkafar da ke gabana ta koma min kamar yashi.

Hajiya ta karɓi makirufo a natse ta ce, "Na gode, ɗana. Na daɗe ina zargin haka ake faɗa a bayana. Yau Allah ya kawo mai faɗa a gabana."

Kanar, wanda tun ɗazu kafaɗunsa ke rawa don danne dariya, ya ce a bariki ma haka suke kiran kai farmaki, don haka ya gane nufina. Sai dai shi duk zamansu bai taɓa samun ƙarfin halin gwada kalmar a gida ba. Zauren ya kece da dariya, ni ina neman ƙofa da ido.

Ranar Litinin na shiga ofishinta na durƙusa. Na kawo tarihin ƙwallo, na ɗora laifi kan masu sharhi, na haɗa har da malamin Turancinmu na sakandare (Allah ya jiƙansa, bai san hawa ba bai san sauka ba). Ta ɗaga hannu ta ce, "Ya isa. Don't be defensive."

Na ce, "Wallahi Hajiya, ni ko a ƙwallo gaba nake bugawa."

Sai da ta cire tabarau ta share hawayen dariya. Ta bayyana min cewa wannan kuma mai yawan kare kansa ake nufi, tun ba a tuhume shi ba. Ta sa hannu a takardar kwas ɗin, ta ce in tashi in tafi kafin in sake yabonta.

Mista Okon har gobe in mun haɗu a bene sai ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce da gurguwar Hausarsa, "Oga, kai ne namiji. Hajiya ya ji gaskiya." Na yi masa bayani har na gaji, ya ce ya gane, dole in faɗi haka saboda aiki.

Abin da na koya shi ne, in ka yi magana aka yi maka tafi, kada ka yi saurin rusunawa. Fara leƙawa ka ga wa ya fara tafin.