Sanarwar Rasuwar Manjalar Mudi Maiturare

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya fi baƙin ciki zafi, ni Mudi Maiturare na Gadarif nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar manjalata, wato ƙarfen nan mai muƙamuƙi biyu da ake kafawa a bakin teburi ya damƙe abin gyara. Ta rasu ranar Juma'a, a kakar 1987, ina masallaci.

Marigayiya ta yi ƙuruciyarta a garejin taraktocin Gadambaliya. Na tsince ta a tarin tsofaffin ƙarafa a kasuwa, tsatsa ta rufe mata baki. Duk damina tana jiƙe cikin man gas, ina kankare ta da burushin waya, har matata Zaituna ta ce tuwo ma ya fara warin gareji. Ranar da bakin manjalar ya buɗe, ta ce ƙiii, na yi hawaye.

Ba don ado na saye ta ba. Na yi shekara talatin ina duƙe ina yankan riɗin mutane, bayana ya gama. Da ita na yi niyyar zama a gida ina gyaran lauje da garma, in daina hawa motar leburori. Ba ta taɓa sakin abin da na ba ta amana ba, kuma ba ta taɓa zuwa gidan kowa a lokacin cin abinci ba.

Ajalinta ya zo ne sanye da jallabiya. Ɗanlami, mijin ƙanwata Lauratu, mutumin da kofin shayi ne abu mafi nauyi da ya taɓa ɗagawa, ya zo miƙe ƙarfen keken jakinsa. Suruki ba a hana shi aro, Zaituna ta buɗe masa ɗaki. Da ƙarfen ya ƙi miƙewa, sai ya zura bututun ruwa a hannun marigayiya, ya rataye a jiki da duk tumbin da abincin gidana ya gina. Maƙwabta sun ji ta ce ƙiii, sannan ta ce ɓas.

Na dawo na tarar da muƙamuƙinta a ƙasa, shi kuma yana shan shayina. Ya ce, "Ma'alesh ya Mudi, yi haƙuri, ai dama tsohuwa ce."

Mai walda ya duba ta, ya ce irin wannan ƙarfen in ya tsage ya tafi kenan.

Ta bar zarto biyu, da guduma, da teburi mai huji huɗu. Ta kuma bar Ɗanlami cikin ƙoshin lafiya, abin da ya fi ƙona mana rai. Ba mu roƙa mata rahama ba, tunda ƙarfe ce. Allah ya isa dai muke yi.

Za a kai gawa wurin mai sayen ƙarafa bayan la'asar, a keken jakin Ɗanlami, in ƙafar za ta juya. Zaman makoki na kwana uku a gidansa za a yi, kowa ya zo da yunwarsa da 'ya'yansa.

Ni ba za a same ni a can ba. Motar leburori za ta tashi ranar Asabar. Mai son yi mini ta'aziyya ya same ni a gonar riɗi a Gadambaliya, ya zo da laujensa, don ba zan iya miƙewa in gaishe shi ba.