Yadda Za Ka Kai 'Yarka Hutun Keke a Fayyum Ba Tare da Ka Yi Gumi Ba

Idan kai magidanci ne a unguwar Hayyin Ashir, mu ce sunanka Uzairu, Allah ya hore maka tumbi, bakinka kuma ya ja maka ka yi wa 'yarka alkawarin raka ta hutun keke na 'yan kwanaki a Fayyum, to kwantar da hankalinka, ka faɗo hannun gwani. Ni Bakri mai gyaran waya na ba ka tabbaci: ka bi matakan nan, za ka je ka dawo cinyarka ba ta san an yi ba.

1. Ɗauki alkawarin da ƙarfi

Yarinyar, mu ce sunanta Israa, za ta zo da wayar uwarta tana nuna maka hotuna: hanya shimfiɗe babu tudu, dabino dama da hagu, ga tafki, ga motar kaya tana bin ayari a baya. Masu shirya tafiyar ba sa karɓar yaro sai da babba.

"Baba, ƙawayena duk da iyayensu maza za su je. Kai fa?"

Kada ka ce sai ka duba. Bugi ƙirji ka ce, "Ni? Keke? Je ki tambayi mutanen Maraɗi, da buhun gero nake hawa tudu!" Ba sai ka ambaci cewa tun kafin a haife ta rabonka da sirdi ba. Idan matarka Mahasin ta leƙo daga kicin ta dubi cikinka, kada ka yarda ku haɗa ido.

2. Fara da kayan ado

Shiga jirgin metro ka tafi kasuwar Ataba. Sayi hular kwano, safar hannu, gorar ruwa, da wandon nan mai matse mutum kamar an ɗaure tsire. Ɗora jallabiya a kai, kai ba yaro ba ne. Ɗauki hoto a ƙofar bene ka tura wa dangi har Nijar. Masana sun tabbatar rabin ƙarfin jiki a idon jama'a yake. Keke kuwa, ari na Fadl ƙanen matarka.

3. Zaɓi filin atisaye da basira

Nan ne asirin yake, ka buɗe kunne. Wanda bai san ciwon kansa ba shi ne zai tafi bakin kogin Nilu da sassafe ranar Juma'a, titi fayau, babu wanda ya san shi. Me ya rage masa ban da tuƙi? Allah ya kiyaye.

Kai ka fito layinku bayan la'asar. Ka san ɗan mutunci ba ya wuce babba a kan keke, sai ya sauka. To a Hayyin Ashir babba ba ya ƙarewa. Taka feda sau biyu, ga Ammu Ya'ƙub, dattijon nan na Sudan, zaune a rumfar Nana Fatima mai shayi. Sauka, rage tsawo.

"Uzairu! Ya iyali? Tamam? Ya gajiya? Tamam? Wannan hular fa, yaƙi za ka?"

"Atisaye nake, Ammu."

"Madalla. Zauna ka sha shayi, atisaye ba ya gudu."

Za ka ƙi maganar babba? Zauna. Nana Fatima ta san hannunka a sukari, ta san kuma ba ka shan shayi gaya, sai da zalabiya, irin fanken nan nasu, mai zafi. In ka tashi, ga liman a kwana, ga wani Alhaji ɗan Damagaram da ya sauka jiya. Kafin magariba ka tura keken nan tsawon layi duka. Zuba ruwan gora a goshi sannan ka shiga gida kana nishi.

4. Kiyayi mai ƙwazo

Ita Israa da gaske take, abin tausayi. Lif ɗin benenku ya daɗe da mutuwa, za ka gan ta tana hawa tana sauka a matakala, ko tana zagaya rufin bene da keken maƙwabta tsakanin igiyoyin shanya.

"Baba, zo mu yi tare mana."

Ce mata atisayen manya daban ne. Sai ka ba ta shawarwari: ta miƙe baya, ta riƙa shan ruwa. Shawara ba ta taɓa sa wa kowa ciwon gwiwa ba.

5. A Fayyum, tsoho tsoho ne

Ranar tafiya, tun rana ba ta yi zafi ba sirdi zai fara gaya maka gaskiya. Za ka duba gabas da yamma, babu fuskar da ka sani. Kada ka karaya. Ga wani tsohon manomi can a bakin gona, sauka ka gaishe shi. Zai ce maka "itfaddal", irin bismillar da muke yi wa mai wucewa in muna cin tuwo. Mutanen ƙasar godiya suke yi su wuce. Kai ka zauna. Bawan Allah ya rasa yadda zai yi da kai, dole ya aika gida a dafo shayi.

Ayari zai yi gaba. Israa za ta tsaya a rana riƙe da kekenta.

"Baba, yalla, sun tafi fa."

"Ke! Ana tashi babba na magana?"

Kana zaune wajen tsoho na uku jagoran tafiyar zai dawo ya same ka, da murmushin da bai kai ciki ba: "Ya ustaz, akwai wuri a motar kaya." Ja aji sau ɗaya, sannan ka shiga. Sauran kwanakin naka ne, kai da direba da jakunkuna. Ta taga za ka riƙa hango ta, kowane yaro na gefen ubansa, ita tana tuƙi ita kaɗai. Ranar farko za ta yi ta waiwaye tana ɗaga maka hannu. Washegari za ta daina, ka samu ka yi barcinka.

6. Bar ta ta ba da labari

In kun dawo, Mahasin za ta tare ku tun daga ƙofa: "Ya hanya? Babanki ya taɓuka kuwa?"

Kai dai ka hau sauke jakunkuna. Israa za ta dubi ƙasa ta ce, "Ya yi ƙoƙari, Mama. Gwiwarsa ce ta ɗan matsa masa."

Ka ji ko? Ba kai ka kitsa mata ba, ga shi ta fi taka tsari. Can anjima za ka jiyo ta a baranda tana waya ƙasa-ƙasa: "Kawu Fadl, baɗi za ka raka ni? A'a, ban tambaye shi ba. Ma'alish, ba komai, kada mu wahalar da shi."

Khalas, shi ke nan, ka ci nasara. Babu mai sake ce maka ka hau keke.

Sanarwa

Ni Bakri babu ruwana da hawan sukari, ko yagewar wando, ko manomin da ya rantse ba zai ƙara yi wa baƙo tayi ba. Idan kuma ka lura yarinyar ta daina zuwa da gudu ta nuna maka abu, ta ci jarrabawa sai a bakin kawunta ka ji, kada ka zo mini shago da jan ido. Tana da tarbiyya, ba za ta taɓa yi maka rashin kunya ba. Tambayarka kawai ta daina yi.