Jatau da Waƙoƙin Ru

A Tungar Marke akwai gidan da mutum biyu kaɗai suka rage a cikinsa: Hansai, da ƙanenta Jatau. Jatau ƙato ne, har gemu ya fara furfura, amma duk abin da aka ce masa haka zai ɗauke shi, ba ragi ba ƙari. Hansai kuwa mace ce mai zafin rai, kuma a shekarar da nake ba ku labari tana da dalili.

Injin bugun shinkafa ɗaya ne a garin, yana hannun Malam Sidi, wanda ya taɓa zuwa Japan koyon noma. Da ya gaji da faɗan matan Unguwar Rafi da na Unguwar Tudu kan wa za a fara bugawa, sai ya kawo musu wani wasa da ya gani a can. Wannan ta faɗi sunan waƙa, waccan ta kawo wadda sunanta ya fara da sautin da ta farko ta ƙare da shi. Ba a maimaitawa, kuma waƙa ba ta karɓuwa sai wata daga ɗaya ɓangaren ta yi mata amshi. Wadda ta ci, unguwarsu za a fara yi wa bugu. Bara Tabawa ta Unguwar Tudu ta kayar da Hansai ta Unguwar Rafi da mugunta: duk waƙar da ta jefo sai ta ƙare da "ru", har Hansai ta ƙafe. Kafin layi ya zo Unguwar Rafi ruwan ƙarshe ya sauka, shinkafar Hansai ta tsiro a dami. Bana in aka sake haka, gidan nan ba abin da zai ci.

Wata rana Hansai ta kira shi.

"Jatau, zaga gari ka tambayo min waƙoƙin da sunansu ya fara da 'ru'. Kowa ka tambaya, kada ka tsallake gida."

"To, Yaya."

Bai tsallake ba kuwa. Ya tambayi mai gyaran keke, ya tambayi kurma, ya tsayar da liman yana alwala. Da ya kai gidan Tabawa ya yi sallama, ya durƙusa, ya ce Yaya ce ta aiko, tana neman waƙoƙin "ru" don ta kayar da ita. Tabawa ta yi dariya har da riƙe ciki, ta dama masa fura. Kafin la'asar ta tara matan unguwarsu ta gargaɗe su: duk sabuwar waƙar da Hansai ta kawo, kowa ta kame bakinta, ba amshi.

Hansai da ta ji, muciya ta ɗauka ta bi shi har zaure.

"Tabawa? Tabawa ka je ka kwance min zani a gabanta? Namu za ka tambaya, sakarai! 'Yan gidanmu da suka iya waƙa!"

Wata rana da hantsi aka zo aka ce mata ga Jatau can a maƙabarta, ya zauna ya ƙi tashi. Ta fita ba ko mayafin kirki, ta tsaya daga bakin shinge tana ƙwala masa kira, mutane na kallo. Ya fito yana karkaɗe riga.

"Uban me kake yi a nan?"

"Kin ce 'yan gidanmu da suka iya waƙa. Ke ba ki iya ba, ni ban iya ba. Inna ce ta iya."

"Inna da ta rasu? To me ta ce maka?"

"Ba ta ce komai ba. Amma ina zaune sai na tuna wadda take yi in tana daka. 'Rumbu ya cika', sai mu ce, 'A ba maƙwabta su ɗanɗana.'"

Hansai ta dafa shinge. Ta manta da waƙar nan shaf, ita da tun ana goyon Jatau take riƙe wa Inna taɓarya. Haushin kanta ya kama ta, ta huce a kansa. Ta ce daga yau kada ya ƙara yi wa kowa magana sai ta ba shi izini, kada waƙar ta fita.

Wata rana, ana cikin yankan shinkafa, ta bar shi gadin damman da ta tara a bakin fadama, ta koma gida ɗauko abinci. Awakin Unguwar Tudu suka zo. Jatau ya kori waɗannan, waɗancan suka zagayo ta baya. Ga maza nan a gonar kusa, kira ɗaya ya isa, amma ina! An ce kada ya yi magana. Da Hansai ta dawo ta tarar dami biyu sun zama karmami, shi kuma yana tsaye yana nuna mata awaki da yatsa. Ranar har muryarta ta dushe.

"Tabawa kake wa aiki, na gane! To tafi wurinta! Bi ta duk inda ta sa ƙafa, ka yi ta rera mata waƙar, kada ka daina sai na ce ka daina!"

Magana ce ta fushi, kowa ya san haka ban da Jatau. Ya tafi. Tabawa na tankaɗe, yana bakin ƙofa yana "Rumbu ya cika". Ta tafi rijiya, yana bayanta. Ta watsa masa ruwan wanke-wanke, ya matsa gefe ya ci gaba. Sallah da barci kaɗai ke tsayar da shi. Ta kai ƙara wurin mai unguwa, aka ce ba zagi a waƙar. Hansai ta ji labari ta dafe kai: makaminta ɗaya tilo, ga shi wawa ya kai wa abokiyar gaba har gida. Don takaici ta ƙi zuwa kiransa.

Wata rana dai ranar wasa ta zo. Aka taru a gindin marke, inji na gefe, hadari na haɗuwa a gabas. Tabawa ta zauna idanunta jawur, Jatau na tsugune a bayanta yana abinsa ƙasa-ƙasa. Hansai ta buɗe da "Ruwa Ya Ci Gada", wadda har yara sun sani, dole aka amsa. Tabawa ta ce "Dawa Ta Ƙaru". Hansai ta ce "Rugar Jauro Ta Tashi". Tabawa ta murmusa ta ce "Shinkafa Ta Gyaru". Ga "ru" ta sake dawowa, daidai inda aka kayar da ita bara. Hansai ta jefa makaminta na ƙarshe.

"Rumbu Ya Cika."

"Babu wannan waƙa!" in ji Tabawa. "Shirmen ƙanenta ne. Malam Sidi, ka ji wata ta amsa?"

Matan Tudu duk suka sunkuyar da kai, bakuna a ɗinke. Malam Sidi ya fara ɗaga hannu zai yanke hukunci. Daidai nan Jatau, da bai san ma ana gardama ba, ya zagayo farkon waƙarsa: "Rumbu ya cika..."

"A ba maƙwabta su ɗanɗana," in ji bakin Tabawa, da kansa, a gaban kowa.

Wuri ya kaure da shewa. Malam Sidi ya ce waƙa ta karɓu, saura Tabawa ta kawo mai farawa da "ka". Abu mai sauƙi, ta san irinsu sun fi a ƙirga. Ta buɗe baki, ta rufe. Ta dafe goshi. Duk inda ta laluba a kanta ba komai sai rumbun Inna. Ta miƙe ta nuna Jatau, ta ce Allah ya isa tsakaninta da shi. Malam Sidi ya ce a tura inji Unguwar Rafi tun hadari bai sauko ba.

Mutane suka watse, Jatau na nan tsugune yana rerawa, murya duk ta shaƙe. Hansai ta zo ta tsaya a kansa, fuska a murtuke kamar kullum. Ya ɗago.

"Yaya, in daina?"

Ta dube shi. Sannan ta goge ido da gefen zani.

"Taso mu je gida, ka ci abinci. Amma ƙarasa min ita a hanya, na manta inda Inna take tsayawa."