Dakta Turke a Bakin Rijiya

A shekarar fari, Allah ya ji ƙan wani ƙauye na gefen Turba, ya hana su ruwa ya aiko musu Dakta Kalilu. Daga Turai ya dawo da digiri na uku a lissafi. Shekaru ya kwashe yana binciken tambaya guda: idan abubuwa suna musayar wuri bisa ƙa'ida, nawa za a kafe don sauran su kasa motsi? Da ya yi wannan bayani a ƙofar masallaci, mutane suka ce, ashe turke ya karanto. Sunan ya bi shi.

Yayarsa Zulaihatu ta fi kowa alfahari. Ita ta goya shi. Cikin shanunta saniya ɗaya fari ya bar mata, ita ma ƙasusuwa ne a cikin fata. Rijiya ɗaya ta rage wa ƙauyen, kuma kafin azahar laka take komawa.

Ran nan Zulaihatu ta yi sammako da saniyarta ta kama gaban layin rijiya. Har ta zura guga, sai ga Dakta da kwat da lema.

"Wagga hayaniya jahilci ce!" in ji shi. "Za ni gyara muku layin ga da ilimin da Turawa sunka tafa mini. In an kafe mutum ukku, sauran dole su natsu."

Ya tsayar da wata tsohuwa a ƙarshen layi, wani makiyayi a tsakiya. Sannan ya janye yayarsa daga bakin rijiya.

"Yaya, ke a' turke na hwarko. Kar ki motsa."

"Kalilu, saniyar ga ba ta sha ba tun jiya."

"Ki yi haƙuri, tarihi muke kafawa."

Mutanen gari dai ba su karanta ƙa'idar ba. Suka zagaye Zulaihatu kamar kututture, kowa ya zura gugansa. Tsohuwa ta kutsa, makiyayi ya bi ta. Zulaihatu tana jin guga ya fara kwaso laka, amma ba za ta kunyata ƙanenta a bainar jama'a ba. Ta tsaya ƙyam riƙe da igiya. Dakta na ƙarƙashin lema yana nuna ta da yatsa, wai a dubi yadda turken ƙwarai yake.

Da la'asar saniya ta durƙusa. Da ƙyar mahauci ya iso da wuƙa kafin ta yi mushe.

Zulaihatu ta yi kuka ta gaji, ta dafa naman, ta kai wa babban baƙo kasonsa. Dakta ya tauna, ya tauna, ya yamutsa fuska.

"Yaya, naman ga ya cika tauri. Ba ku ba dabbobinku ruwa ne?"