Yadda Balarabe Zai Ɓuya a Benen Yahudawa

Ɗan'uwa, in kana son haya a Kudus ba tare da mai gida ya ji sunanka ya ce ɗakin ya kamu ba, bi matakan nan. Tabbas suna aiki. A kan Nadim na gwada su, ɗan wasan barkwancin nan da ke fitowa a talabijin a matsayin Balarabe mai kwaikwayon Yahudawa.

1. Gyara sunanka. Nadim ya koma Nadab. Harafi biyu kacal, ko mahaifiyarsa ba ta yi asara mai yawa ba.

2. Zaɓi benen masu tsananin addini. Ba su ajiye talabijin, don haka babu mai gane fuskarka. Wannan dabarar ita Nadim ya fi alfahari da ita.

3. In inna ta bugo waya daga Nazarat, shige banɗaki, saki ruwa don kada a ji Larabcinka, sannan ka amsa sallama.

4. Kiyayi Asabar. Ranar ba su taɓa makunnin lantarki, ba su kuma cin moriyar Bayahuden da ya taɓa. Sai wanda ba nasu ba, shi ma ba a roƙonsa kai tsaye, sai dai a yi ta zagaye. Wata Asabar da rana tsaka, wata tsohuwa maƙwabciyarsa, Zilfa, ta tare Nadim a matakala.

"Ɗana, yau ana zafi."

"Ana yi, Iya."

"Na'urar sanyinmu a kashe take. Mijina Malam Baruk kuwa ciwon zuciya gare shi."

"Allah ya sawwaƙe."

"Makunnin yana bayan ƙofa. Fari ne. Ba cewa na yi komai ba."

A nan gwani zai wuce abinsa, don in ka danna ka tona kanka, ɗaki kuma ya tafi.

5. Kada ka leƙa. Nadim ya leƙa, sakarai. Ya ga tsoho yana haki, tausayi ya kama shi, ya danna.

"Iya, sunana Nadim," ya ce.

"Mun sani tun ranar da ka tare. Wa kake tsammani ya sa mai gida ya ba ka ɗakin? Shekara biyu benen nan ba mu da mai kunna mana wuta, kai kuma ka zo kana mana wasan kwaikwayo!"

Gargaɗi: in ka bi matakan nan ka wayi gari gida tara na jiranka kowace Asabar, babu ruwana. Nadim ma bai ƙara samun hutu ba.