Makokin Baba Nomau

A wani daji, da hantsi, bayan an sha ruwan sama har ƙasa ta ɗauki ƙamshi, wata tsohuwar bushiya mai suna Inna Yalwa ta kama hanyar gindin tsamiya, inda majalisar dabbobi take zama. Ba a saba ganin mai takaba a waje ba, don mijinta, Baba Nomau, a makon nan ya rasu. Amma abin ne ya ishe ta.

A da can, idan aka yi rashi a dajin nan, hankaka ne yake zagayawa da shela, kowa ya ajiye abin da yake yi ya nufi gidan mamaci. A shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Zomo ya zauna kusa da dila ba fargaba, saboda ranar makoki ba a farauta. Mai zuwa ya ce, "Ya haƙuri?" a ce masa, "Da godiya," sai kuma a yi shiru tare, kuma shirun nan yana da nasa daɗin. Can sai tsofaffi su ɗauko labarin mamacin, wannan ya faɗi nasa, wancan ya gyara masa. Yara suna gefe suna shan kunu suna saurare. A nan suke sanin wane kakan wane ne, da yadda aka yi shekarar da fari ya kori kowa zuwa bakin kogi. Shi kansa Baba Nomau bai taɓa fashin makokin kowa ba, duk da gajerun ƙafafunsa.

To, sai Biri ya tsallaka birni ya dawo da wayoyi, irin masu gilashin nan da ake shafawa. Ba a daɗe ba kusan kowa ya mallaka. Gaskiya sun yi amfani, ba mai musun wannan. Idan kura ta ɓullo ta gabas, kafin ta kai tsakiyar daji barewa ta ji. Yara suka san sunayen tsuntsayen ƙasashen da ba su taɓa zuwa ba. Sunan kakarsu ne dai sai sun tambaya.

Da Inna Yalwa ta iso majalisa, ta tarar an cika, amma ba ka jin komai sai ƙarar wayoyi. Kowa ya sunkuyar da kai. Sai da ta maimaita sallama kafin Ɓauna, shugaban majalisa, ya ɗago.

Ya ce, "A'a, Inna, ke ce da kanki? Ya ƙarin haƙuri?"

Ta ce, "Da godiya, ranka ya daɗe. Ba ƙarar kowa na kawo ba, roƙo na kawo. Tun ranar da aka kai Nomau tabarmina suke shimfiɗe, ba mai hawansu sai ƙadangare, shi ma shan rana yake zuwa. Gumbar da na daka ta yi tsami. Wayar da ya bari kuwa tana ta kuka a kan tabarma, ni ban san me take so ba. Gobe ne sadakar bakwai. A yi mini shela irin ta da, a zo a zauna mini ko da wuni ɗaya ne, a ambaci Nomau da baki in ji da kunnena. Iyakar abin da nake nema ke nan."

Dila ya miƙe, ya gyara tsayuwa. Ya ce, "Inna, wallahi kin ba ni mamaki. Ni ne fa na fara sa hoton Baba. Na yi masa rubutu mai ratsa zuciya, na jera fuskokin kuka a ƙarshe har sai da yatsana ya gaji. Yanzu a ce ban yi ta'aziyya ba?"

Biri ya karɓe. "Ai ba a taɓa makokin da ya cika kamar na Baba Nomau ba. Har daga dazuzzukan ƙetaren kogi ana ta turo saƙo. A zamanin hankaka wa zai ji labarinsa a can? Kukan da wayar take yi, Inna, jama'a ce ke sallama a ƙofarki. Ke ce ba ki buɗe musu ba."

Wani matashin zomo ya ce, "Ni ma na tura."

Inna Yalwa ta dube shi. "Me ka ce a ciki, ɗan nan?"

"Na Dila na kwafa. Ai ya tsara shi."

"Ka san Nomau ne ya gwaguye igiyar tarkon da ya kama uwarka tana ɗauke da cikinka?"

Zomo ya duba wayarsa, ya shafa sama, ya shafa ƙasa. Ya ce, "Ba a sa wannan ba, Inna."

A can baya akwai wani jaki mai suna Korau, wanda ya dawo daga dakon itace ya tsaya shan inuwa. Shi ba shi da waya, don ranar da ya gwada shafa ta da kofato, ranar gilashin ya tarwatse. Ya matso gaba. Ya ce, "Wai Baba Nomau ne ya rasu? Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Yanzu nake ji. Ba wanda ya gaya mini."

Biri ya ce, "An gaya wa kowa, Korau. Wa ya ce ka yi wa gilashi harbi?"

Aka kwashe da dariya. Korau bai kula ba. Ya ce, "Ni dai ranka ya daɗe, a yi shelar mu je. Daga nan zuwa gidanta ai ba nisa."

Ɓauna shugaba ne mai son adalci, ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Ya ce a kaɗa ƙuri'a. Aka kaɗa ta waya, kowa na zaune kafaɗa da kafaɗa da ɗan'uwansa. Inna Yalwa da Korau suka ɗaga hannu, aka ba su haƙuri cewa an daina ƙirga hannu.

Ɓauna ya yi gyaran murya ya ce, "Majalisa ta yanke cewa saƙo daidai yake da zuwa, wanda ya tura ya zauna makoki. Amma ba za mu bar Inna cikin kaɗaici ba. Biri zai koya mata buɗe wayar yau ɗin nan. Sannan mun kafa kwamitin raya al'adun gargajiya, zai riƙa zama ta waya."

Washegari gari ya waye tangaran, ba ko ɗigon gajimare. Korau ya sauke kayansa da wuri, ya isa gidan makoki rana tana tsaka. Ya tarar da tabarmi fayau, Inna Yalwa ita kaɗai a gefen ɗaya, ta rungume waya. Ba ta iya karatu sosai ba, amma tana gane hoto, tana gane fuskokin kuka.

Ya yi sallama ya durƙusa. "Ya haƙuri, Inna?"

Ta ce, "Uhm, da godiya." Idonta yana kan gilashi. "Allah sarki, har jimina ta tuna da shi. Dubi hawayen da ta sa."

Korau ya ɗan yi shiru irin na da. Can ya ce, "Na tuna wata rana ƙaya ta shige mini kofato a hanyar rafi, sai ga Baba Nomau..."

Wayar ta yi kuka. Inna Yalwa ta ce, "Dakata, ɗan nan, wani ya shigo."

Ya dakata. Rana ta karkato ta faɗa kan gilashin. Inna Yalwa ta kanne ido, ta juya wayar nan, ta juya can, ta kasa ganin komai, har ta fara tsaki. Korau ya tashi a hankali ya tsaya tsakaninta da rana, inuwarsa ta rufe ta ita da wayar.

Ta ce, "Yauwa, gajimare ya taimaka." Ta ci gaba da shafawa.

Haka ya tsaya, rana tana dukan bayansa, har aka yi la'asar.

A zaman majalisa na gaba aka sanar cewa kowa ya halarci makokin Baba Nomau, in ban da jaki.